Rigar roba da dalmar Inna

Litinin, 6 ga Mayu

Saƙon masu gasa ya iso yau. Wai ruwan teku bai gama ɗumi ba, don haka duk mai shiga sai da rigar roba. A kantin maganin da nake aiki na karanta, na ci gaba da sallamar mutane.

Ƙawata Eun-sil ce ta jefa ni cikin wannan. Ita ta rubuta sunana, iyo sannan keke sannan gudu, wai mace mai shekara arba'in da uku ya kamata ta yi hauka ko sau ɗaya. Keke da gudu ba su dame ni ba. Iyo ma na koya bara a tafkin wanka na birni, inda ake ganin ƙasan ruwa tas. Amma teku fa? Ni 'yar tsibirin Jeju, Innata mai sana'ar nutso, rabona da sa fuska a teku tun ranar da Goggo Bok-sun ta nutsa neman katantanwa. Ina yarinya lokacin, ina zaune a kan dutse ina jiran siririyar feɗuwar nan da masu nutso ke yi in sun taso suna sakin numfashi. Kowa ta yi tata, ban da Goggo. Gorar da take kamawa in ta taso kaɗai ke lilo a kan ruwa. Har yau na tsani wannan ƙara.

Ban gaya wa Inna zancen gasar ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Mun je kantin kayan wasanni. Mai shagon ta dube ni sama da ƙasa ta miƙo wata baƙa. Da ƙyar na shiga. Tana jan zik ɗin baya na ji kamar an shaƙe ni, ƙirjina ya ƙi buɗewa, na ce ta cire, ta cire yanzu. Ta ce haka ake sa ta, a cikin ruwa za ta saki. Na ce ba a jikina ba.

Na ɗauki wadda ta fi ta girma. Eun-sil ta ce, "Wannan ai mu biyu za mu shiga har da jakata." Ko ta kanta ban bi ba. Ina iya numfashi a ciki, shi ke nan.

Asabar, 11 ga Mayu

Gwajin farko a teku, kuma na ji kunyar duniya.

Ina kwantawa a ruwa sai sanyi ya kwararo ta wuyan rigar, ya cika baya, ya cika ciki. Duk ɗaga hannu sai sabon ruwa ya shigo. Na sa fuska, na ga duhu kore, ba ƙasa. Daga nan ban san abin da na yi ba. Eun-sil ta ce na riƙe mata wuya ina cewa mu koma, mu koma, alhali ko nisan jifa ba mu yi ba.

Matan ƙauyenmu suna bakin gaɓa suna shanya ganyen teku. Duk sun gani.

Lahadi, 12 ga Mayu

Inna ta kira. Ba gaisuwa. "An ce jiya kin sa buhu kin shiga teku."

Laraba, 15 ga Mayu

Inna ta tasa ni gaba zuwa wurin Baba Yang a bakin tashar jiragen ruwa, wanda yake yanka wa duk masu nutson yankinmu riga. Shagon warin gam kawai yake. Ya auna ni wuya, hammata, har idon sawu, Inna na tsaye tana ba da umarni kamar jikinta ne.

"Mai kauri za ka yi mata, da hula. Tana jin sanyi kamar ubanta."

Na ce Inna, iyo zan yi a sama, ba nutso ba. Ta ce ruwa dai ruwa ne. Baba Yang ya ce mata, "Ke Sun-deok, shekara nawa kina kukan ba ki da magajiya, ga ta ta zo da ƙafarta." Inna ta ce, "Wannan? Ko a bahon wanka sai an riƙe ta."

Sun yi dariya. A mota na so in ce mata zan janye daga gasar, amma tana ta kallon taga tana ɗan murmushi, na kasa.

Talata, 21 ga Mayu

Na yi mafarkin koren ruwan nan. Na tashi da ciwon haƙora, ashe cije su na yi.

Asabar, 25 ga Mayu

Rigar Baba Yang ta fito. Sama da ƙasa daban, ga hula, nauyi kamar tayar mota. Sai da Inna ta zuba ruwan sabulu a ciki kafin na zura. Hannuna ko kafaɗa ba ya wucewa. Eun-sil ta zauna a ƙasa don dariya, ta ce kaurinta ya fi abin da masu gasa suka yarda, kuma kafin a ciro ni daga ciki in hau keke an gama raba kyaututtuka.

Sai Inna ta shiga ɗaki ta fito da ɗamarar dalma, ta durƙusa za ta ɗaura mini a ƙugu.

Na ja da baya har na bugi bango. Na ce Inna, kashe ni za ki yi? Ina tsoron nutsewa kina ɗaura mini dalma?

Ta tsaya tana kallona, da gaske ba ta gane ba. Ta ce, "To ta yaya za ki shiga ruwa ba dalma? Rigar ba za ta bar ki ki yi ƙasa ba. Tun da aka kawo mana robar nan nake faɗa da ita, ina so in sauka tana dawo da ni sama."

Na ce ta sake faɗa. Ta ce na kurmance ne?

Ta jefar da dalmar, ta ja hannuna muka gangara duwatsun bayan gida, inda nake zama ina yarinya. Ta shiga ruwa har ƙirji da kayan jikinta, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya. Ta ce, "Nutse. In kin isa, nutse ki taɓo mini ƙasa."

Na gwada. Na tura kai, ɗuwawuna ya taso. Na sake, ƙafafuna suka yi sama. Na kwanta rigingine kamar kwalbar da aka toshe, ruwa yana ɗauke da ni, ina kuka da majina, Inna na riƙe da babban yatsan ƙafata.

Ta ce, "Goggonki dalma ce a ƙugunta, kuma ta hango babbar katantanwa ta ƙi haƙura. Ke me za ki hango?"

Ba ta taɓa yi mini maganar ranar ba sai yau.

Juma'a, 31 ga Mayu

Na koma kantin na ɗauki ta farkon, matsattsiyar. Mai shagon ba ta tuna mini da maganarta ba, na gode mata a zuciya.

Har yanzu tana shaƙe ni. Inna ta sa hannu ta jawo robar daga cinya zuwa hammata, da ƙarfi kamar tana feɗe kifi, sai wuyan ya ɗan saki. Ta ce in zuba ruwa kaɗan a ciki kafin in shiga. Ta murza ganyen tazargade a gilashin da nake iyo da shi don kada ya yi hazo. Ta ce matsalata ina ta cusa iska ba na fitarwa, "kamar mai ɓoye abinci a kumatu."

Na yi iyo har tutar farko da aka kafa a kan ruwa na dawo. Tsoron yana nan daram, bai je ko'ina ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Gobe ne. Na kasa cin komai sai romo.

Da yamma Inna ta ƙunshe shinkafa a farar takarda ta jefa a teku, yadda take yi kullum. Ɗaya ta mai teku, wanda masu nutso ke roƙon kariyarsa, ɗaya ta Goggo. Yau ta jefa ta uku, na ji ta ambaci sunana ƙasa-ƙasa. Na yi kamar ina duba tayar keke.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na gama. Kusan ta ƙarshe, amma na gama. Ƙafafuna ba nawa ba ne.

A tsakiyar iyo wani ya haure ni a fuska, gilashin ya goce, na sha ruwan gishiri. Duhun nan ya taso. Na ce shi ke nan, yau ce. Jirgin masu ceto yana kusa, ɗaga hannu kawai zan yi. Sai na juya rigingine, rigar ta riƙe ni.

Ina kwance sai na ji feɗuwar masu nutso, kusa da kunnena. Na waiga ina neman Inna, har raina ya ɓaci, na ce tsohuwar nan ta biyo ni cikin gasa. Ba kowa sai hulunan 'yan gasa masu launi suna wucewa. Na sake sakin numfashi, na sake jin ta. Daga bakina take fita.

Na gyara gilashi na ci gaba.

Talata, 11 ga Yuni

Na kai wa Inna lemo. Eun-sil ta ce in mayar wa Baba Yang rigarsa ya rage wa wata. Ban mayar ba, tana rataye kusa da ta gasa. Ba wani dalili, nauyi gare ta, kuma tashar da nisa.

Da zan tafi na tambayi Inna yaushe ruwan teku zai janye ranar Asabar, lokacin da suke shiga nutso. Don in sani ne kawai. Ba ta ɗago daga ɓare tafarnuwa ba, ta ce da hantsi, kuma dalmar tana nan bayan ƙofa, ta rage mata nauyi.

Na ce ban tambaye ta dalma ba. Ta ce ta sani.