Tumbin da Kika Yi Ta Faɗa da Shi

Zuwa ga matata Rabi,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba, shi ya sa na samu ƙarfin halin rubutawa.

Ina sanar da ke a hukumance cewa zariyar wandona ta gaza. Jiya tela ya ƙara mata kamu guda.

Gida lafiya. An kai masarar gonar Mahuta rumbu. Autarmu Hauwa ta karɓi girki, kuma hannunta ya fi naki sake da man shanu.

Kin tuna yadda kike rage min mai a tuwo, 'yan'uwana suna ce miki marowaciya, ni kuma ina taya su? Duk kaka nakan hau sikelin masu hatsi a kasuwa, in dawo in shaida miki ban kai buhun masara ba. Ke kuwa ba nauyina kike kallo ba. Siraran ƙafafuna kike kallo da wannan ciki, domin haka mahaifinki yake kafin ya daina gane ku. Ni mai karatu, me mai ɗinkin hula za ta koya min?

Rabi, ran Juma'a na taso daga gona a babur. Na iso layin dogo na tsaya. Ban san hanyar gida ba. A Funtua, inda aka yanke min cibiya! Masu keke mai ƙafa uku suna ta yi min ham, ni ina neman hagu da dama. Da ƙyar na gano hanya. Da na iso gida, Hauwa ta kawo ruwa, na buɗe baki in kira ta, sunan ya ƙi zuwa.

Da na je asibiti, likita bai damu da sikeli ba. Tef ya zagaya min a ciki, irin na tela. Ya bayyana min cewa kitsen cinya da sauƙi, wanda ke taruwa can ciki tsakanin hanji shi ne abokin hawan jini da suga, kuma yana iya taɓa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ran Litinin zan je Zariya a ɗauki hoton kaina.

Ban gaya wa Hauwa ba. Ta ina zan fara? Idan wata rana na dube ta na tambaye ta 'yar wace ce, wa zai riƙe ta? Idan ke kika ɓace min fa? Yanzu kullum bayan sallar asuba sai na kira sunanki sau uku, in tabbatar yana nan.

Ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Ki yafe min dariyar.

Allah Ya haskaka kabarinki.

Mijinki da har yau ya san sunanki,
Lawal