Katakon Zamiyar Tokuji

Yaya Genzo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Otaru bai hana ka buɗe shago ba. Ya ciwon baya? Ka gaida min matarka Harue.

Watan gobe ne hawan dutse. Ka san al'adar ƙauyen nan: kowane gida zai ba da mutum ɗaya a je a tone ɗakin bauta daga cikin dusar ƙanƙara, gidan da bai ba da kowa ba a cire allon sunansa daga bango. Tun da Tokuji ya rasu tsoho Hatta, mai shirya hawan, yake ta kewaye-kewaye, wai a ɗauke min. Na ce masa, "Baba, mijina ne ya mutu, ƙafafuna suna nan."

Da katakon zamiyar Tokuji zan hau, dogayen nan biyu da yake ɗaurawa a ƙafa ya bi kan dusa. Mariƙin da ke kama takalmi a jikin katakon ne ya ƙi. Haƙoransa na gaba sun kama takalmina, na dunduniya ba su kai ba, na juya notin baya har ya ƙure. Yanzu takalminsa nake sawa da safa uku. Kai da sana'arka ce, faɗa min abin da zan ƙara juyawa.

Ƙanwarka,
Mitsue

Mitsue,

Gaisuwa. Baya da sauƙi, Harue tana amsawa.

Safa uku. Taurin kan nan naki ya ƙi tsufa. Babu abin juyawa. Ƙafar mijinki kamar kwalekwale take, noti ba zai cike wannan ratar ba. Sai an cire mariƙin an huda sababbin ramuka. Kuma daidai nauyinsa ya ɗaure shi, in kika faɗi gwiwarki ce za ta fara saki kafin mariƙin. Ki aiko min da katakon da takalmi, naki nake nufi. In ba ki so, ki hau da na haya.

Yayanki,
Genzo

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da yake fushi nake da kai.

Ba zan hau da na haya ba. Shi ya huda ramukan nan da hannunsa a kan teburin girkina, har yau layin fensirinsa yana jiki. Na so in yi banza da wasiƙarka. Sai jiya na gwada a gangaren bayan gida, ƙafata tana yawo cikin takalmin, na dawo dunduniya duk ta saluɓe. Matar Hatta tana leƙe ta taga. Ta ce, "Mitsue, shigo ki sha shayi, wannan ba aikinmu ba ne, 'yar'uwa." Abin ya ci min rai matuƙa.

Na ba motar kaya katakon, da takalmin nawa. Ka huda. Kada ka goge layin.

Mitsue

Mitsue,

Gaisuwa. Na huda, na toshe tsofaffin ramukan da gam don kada ruwa ya shiga, na sassauta daidai nauyinki. Layin yana nan. Kafin ki taka, ki kakkaɓe ƙanƙarar da ke taruwa ƙarƙashin haƙoran gaba, in ba haka ba za su yi kamar sun kama alhali ba su kama ba.

Saura abu ɗaya. Mijinki yana kulle gaban mariƙin har a gangara. Duk 'yan ƙauyenku haka kuke, don kada katako ya gudu a yi muku dariya. Ki kulle a hawa, ki buɗe a saukowa, don ya saki in kika faɗi. Ina jin tsoro, shi ya sa nake nanatawa. Ke kaɗai kika rage min mai kirana Yaya.

Ki sauko lafiya.
Genzo

Yaya,

Gaisuwa da godiya. Na hau. Na yi tono tare da maza, na goge allonmu da hannun rigata, Hatta da kansa ya miƙo min kofin giyar shinkafa.

Da za mu sauko na buɗe kullin. A kwanar kwazazzabo na faɗi, mariƙin ya saki, katakon hagu ya zame ya nufi ƙasa ina kallo har ya ɓace. Na zauna a wurin na yi kuka sosai, suna tsaye suna jirana, babu wanda ya yi dariya. Gwiwata lafiya lau. Da ƙafa na ƙarasa, na daman a kafaɗa.

Hatta ya ce in dusar ta narke za su nemo min. Na ce a bar shi can.

Ka samo min katako daidai tsawona kafin baɗi.

Ƙanwarka,
Mitsue