Goshin Inna

Unguwar Dosa, Kaduna,
4 ga Afrilu, 1977.

Yaya Hansai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya mutanen Ƙanƙara?

Inna ta iso lafiya, na kai ta asibiti ranar Litinin. Likita ya ce idon hagu ya tafi, mutumin nan da ya zo kasuwa bara waccan ya tsokane mata yanar ido da allura, shi ya kashe shi. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Na dama ne kaɗai ya rage, za a cire yanar ranar Alhamis. Amma akwai sharaɗi: mako shida ba sunkuyo, ba sujada, in ba haka ba ɗinkin zai ɓalle. Kin san Innarki. Cewa ta yi shekara hamsin goshinta bai taɓa fashin ƙasa ba, ba kuma likita ne zai raba su ba. Ki taya mu da addu'a.

Ƙaninki,
Bawa.

20 ga Afrilu, 1977.

Yaya Hansai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, an yi aiki, mun dawo gida. Sai dai shekaranjiya da la'asar na dawo daga ajiye motar ofis na tarar da Inna goshi a tabarma. Wallahi ban san sa'ad da na daka mata tsawa ba. Ni Bawa, na yi wa Inna tsawa! Har yau kunya ta hana ni zama kusa da ita. Idon ya yi ja, likita ya ce saura kaɗan, in ta sake shi ke nan.

Na ɗauko liman ya yi mata bayani cewa maras lafiya na salla a zaune da ishara, kuma ladansa cikakke ne. Ta saurare shi da ladabi, ta sa aka ba shi goro, yana fita ta ce yaro ne.

Matata Yalwa ce ta yi maganin abin. Ita da ko ido ba ta haɗawa da Inna, ga ciki wata takwas wanda Inna da kanta ta hana ta ko ɗaukar buta saboda shi. Jiya ta jawo benci ta durƙusa ta ce, "Inna, in kin sa goshi a ƙasa ni ma zan sa, in tashi in kama daka." Inna ta yi ta faɗa, ta ce 'yan zamani ba su da kunya, sa'an nan ta laluba ta hau bencin. Yanzu tare suke salla a zaune, kafaɗa da kafaɗa.

Naki,
Bawa.

27 ga Mayu, 1977.

Yayata Hansai,

Ina gaishe ki da murna, da fatan damina ta sauka muku lafiya. Yalwa ta sauka ranar Lahadi, an sami namiji.

Jiya aka ba Inna tabarau, mai kauri kamar gindin kwalba. Da aka sa mata sai ta juyo gare ni. Ta daɗe tana kallona, na ɗauka ba ta gani. Can sai ta tambaya yaushe na yi sanƙo ba wanda ya gaya mata. Na yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace mini a gaban ma'aikatan asibiti, ban kuma ji kunya ba.

Likita ya yarda ta yi sujada. Muna isa gida na shimfiɗa mata tabarma, sai ta ce in dakata tukuna, lokaci bai ƙure ba, a miƙo mata jaririn. Tana ta juya shi a hasken tsakar gida tana duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ki zo suna ko da a motar kaya ne, ki taho da 'yan autanki biyu. Inna ta ce muryarsu kawai ta sani.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Bawa.