Jan biro a littafin Ummi

Laraba, 10 ga Yuli, da dare

Malamar ajin Ummi ta ce wataƙila 'yata ta maimaita aji uku. A jarrabawar insha'i, sunanta kawai ta rubuta.

Yarinyar da ke ba ni labarin shanun kasuwar Dei-Dei tun daga makaranta har gida! Amma da ta riƙe fensir, kafin ta gama zana harafi ɗaya, sauran maganar ta gudu daga kanta.

Na san nawa laifin. Watan jiya ta kawo mini layi huɗu da ta sha wuya a kansu. Na ɗauki jan biro na bi su yadda nake bin rahoton wakilanmu a gidan jarida. Gyara goma sha ɗaya na yi.

Ɗazu na ce, "Ummina, rubuta mini labarin bajimin nan mai karyayyen ƙaho."

Ta ɓoye hannu a baya. "Abba, ka rubuta da kanka, tunda kai ka iya."

Shekara ashirin ina gyara rubutun manya, ashe ban san yadda ake fara shi ba.

Shugabar makaranta ba ta sa hannu a kan maimaita ajin ba tukuna. An ce sai Juma'a za a sani.