Lambar da ke rataye a falon Baba

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni ɗaliba ce a kwaleji, ina cikin 'yan gudun miƙa sanda. Mu huɗu ne, ni ce ta ƙarshe. A gasar kwalejoji ta bana muka zo na ɗaya, abin da makarantarmu ba ta taɓa yi ba. Ranar har muryata ta dishe don ihu.

Ashe murna za ta koma ciki. Da sakamakon gwajin fitsari ya fito, sai aka samu haramtaccen maganin ƙara kuzari a jikin Doguwa, wadda ke miƙo min sanda. Ta rantse kocinmu ne ke ba ta, wai na ƙarin jini ne. Shi kuwa ya ce bai san zancen ba, ya ajiye aiki ya yi gaba. A dokar wannan gudu, laifin ɗaya na duka huɗun ne. An soke nasarar, an ce kowa ta mayar da lambar yabon da aka ba ta.

To, tawa tana falon Babanmu. Mutumin nan da ko zancen gudu ba ya son ji, cewa yake karatu ya tura ni, ba tsere ba. Amma da na kawo lambar, da hannunsa ya sauke agogon bango ya rataye ta a ƙusar. Tun da ciwon ƙafa ya raba shi da tuƙin mota ban ga fara'arsa haka ba. Duk wanda ya shigo, ko mai duba mitar wuta ne, sai ya sha labari, kullum kuma tazarar da na ba wadda ta zo ta biyu ƙaruwa take yi. Yanzu Barewa yake kirana.

Wallahi in ya kira ni haka, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai in shiga da niyyar faɗa masa, in tarar yana goge lambar da gefen riga, in ɓuge da tambayarsa ya ƙafa. Yayata ta ce in nemo irinta a kasuwa mu musanya, wai wa zai gane. Doguwa kuma tana ta kira na ƙi ɗauka, ga haushinta ga tausayinta. Ni ban sha komai ba, Anti, gumina ne. Ya zan yi?

Mai gudun ƙarshe

AMSA

'Yata, sannu. An cuce ki, kuma ba laifi ba ne ki yi kuka.

Yayarki tausayin Baba take ji, na fahimce ta, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Labarin nan ya riga ya fita. Gobe wani baƙo zai faɗa masa a tsakiyar labarinsa, a gaban mutane, wannan kuwa ya fi ciwo nesa ba kusa ba. Ki riga kowa. Ki kira yayarki ta zauna, ki fara da cewa naki gwajin ya fito lafiya, sannan sauran. Tsohon direba ne, ya san mutum na iya tuƙinsa daidai wani ya zo ya buge shi. Ki bar shi ya sauke lambar da kansa, kada ya wayi gari ya ga babu.

Doguwa kuma, ko da saninta ko yaudararta aka yi, ba ke za ki yanke hukunci ba. Ki ɗauki kiranta ki ji ta bakinta, sannan ku huɗun ku nemi makaranta ta binciki kocin.

Ba zan ruɗe ki ba, Baba zai ji ciwo, wataƙila ma ya yi shiru na kwanaki. Kada ki guje masa a kwanakin nan, ki zauna kusa da shi ko ba ya magana. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.