Otal ɗin da Na Gina a Kan Gidanku

Sakkwato, 9 ga Afrilu, 1976

Zuwa ga Mariyatu, sanyin ruwan randa a tsakiyar bazara, koriyar fadamar Kwalkwalawa bayan ruwan fari, inuwar darbejiyar da raina ke gudu gare ta!

Yau kwana goma sha ɗaya mahaifinki Malam Maigandi ya hana ni taka ƙofar gidanku, unguwa kuma ta sa mini suna mai rusa gidan surukai. Ni? Ni Hayatu, da ban taɓa ɗaga abin da ya fi burushi nauyi ba? Saurari yadda aka yi, ya hasken idona.

Kuɗin fetur ya zo, kowa ya zare. Wani Manjo ya sa aka ɗauko ni daga rumfata ta rubutun motoci, ya ba ni ƙyalle mai faɗin bango da wani fentin Turai wai shi akirilik, da ruwa ake dama shi. Umarninsa in zana Sakkwato a nuna wa manyan baƙi. Na zana ta yadda Allah ya yi ta: soraye, hasumiya, giginya, shirwa na shawagi. Ya yatsine fuska, wai na kawo masa ƙauye, in jera benaye kamar Ikko! Garin da famfo ke yin tari ya tofar da iska, shi za a ba bene hawa ashirin? Amma wa ke musu da mai kaki? Ya dangwara sandarsa a tsakiyar ƙyallen, wai nan otal zai tsaya. Wallahi sai da na kai hawa na tara na gane a kan gidanku nake gini. Na rarumo tsumma da ruwa, ina! Fentin nan a zafin Sakkwato, kafin ka ce kwabo ya bushe.

Na jingine zanen a bakin rumfa, 'yan unguwarku suka gani. Ba na ganin laifinsu. Sun saba, duk abin da aka zana a allon gwamnati katafila na biye da shi, ginin ne kawai ba ya zuwa. An ce Baba har ya cire ƙyauren zaure ya kai ajiya gidan ƙanensa.

Kin tuna ranar da kika tsaya a rumfata, kika ce zakin da na zana a bayan wata mota kamar kyanwa mai mura? Dariyar nan taki, kai! Har yau ina jin ta kamar saukar ruwa a kan kwano. Yaya zan rayu babu ita? Abinci ya ƙi ni, burushi ya ƙi hannuna, kewarki na cin raina.

To ga abin da na yi. Fentin ba ya wankuwa, amma yana karɓar wani a kansa. Da safen nan na shafe otal ɗin, na mayar da gidanku, da zaurensa da tunkiyar Inna, daram a tsakiyar benaye. Jibi Manjo zai yaye mayafin zanen a gaban baƙi, bai san komai ba.

Ki roƙi Baba ya zo ya gani da idonsa. Bulala kam zan sha ta, babu tantama, kuma na yafe. Idan aka sake ni, gidanku zan nufa ko da rarrafe. Kada ki wahalar da kanki wajen shimfiɗa tabarma, a tsaye zan yi zancen.

Naki da rai da fatar baya, har abada,

Hayatu