Igiyar Ragon Suna

Masaukin Tafki, bayan Dutsi
Litinin

Zuwa ga uwargidana Hadijatu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ciwon ƙafa? Da fatan kin samu sauƙi. Da hannuna nake rubuta miki, karatun ajin yamma bai tafi a banza ba. Ki sa Ikilima ta karanta miki a hankali.

Albishirinki, na ga jikanmu! Fadila matar Autanmu ta sauka lafiya, namiji ne, goshinsa naki sak. Da aka ɗora min shi sai na rasa yadda zan riƙe shi, ni da na shekara arba'in ina riƙe garma.

Masaukin da Autanmu yake gadi ya yi nisa. Mota ta ajiye ni a bakin titi, ɗan acaɓa ya hau da ni cikin duwatsu. Ɗakunan baƙi goma ne zagayayyu, duk a rufe. Tun da aka ƙaddamar da shari'a aka hana kiɗa, 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Tafkin yana tsakiyar duwatsu, ruwansa baƙi ƙirin.

Ban tarar da Auta ba. Tun da safe ya tsallaka a kwalekwale zuwa rugar Fulani don ya ɗauko ragon suna. Yanzu la'asar, muna duban hanya.

Naki,
Sama'ila

Laraba

Hadijatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ki sa a zaunar da ke kafin a ci gaba.

Jiya Kabo, mai kamun kifi a nan, ya jawo kwalekwalen a kife. Fulani sun ce Auta ya biya rago, sun ga shigarsa ruwa. Babu shi, babu ragon. Kabo da ƙanensa sun wuni suna jan ƙugiya, sai itace suke fiddowa.

Limamin ƙauyen ya ce in ba a ga gawa ba, alƙali ba zai yanke mutuwa ba, Fadila za ta iya shekara huɗu tana jira, ita ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Ban faɗa mata ba. Tana shayarwa, idonta a kan ruwa.

Ki yafe min, duk da haka in na ɗauki yaron sai in ji ina murmushi. Kunya nake ji.

Ki taya mu da addu'a.
Sama'ila

Asabar

Hadijatu,

Ina miki gaisuwar da ban taɓa zaton zan rubuta ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ruwa ya ba da shi yau da hantsi, bayan an raɗa suna. Tare suka taso da ragon. Igiyar tana ɗaure a wuyan hannunsa, ƙulli biyu. Kabo ya ce dabba takan firgita ta yi tsalle a tsakiyar ruwa, shi ya sa ɗan masunta ba ya ɗaura ta a jikinsa, ƙafafunta yake ɗaurewa ya kwantar da ita.

Na san ƙullin nan. Ni na koya masa a kasuwar Mai'aduwa yana shekara tara, na ce kada ya kuskura ya saki igiya ko me ya faru. Ya ji maganata. Da wuƙata na yanke ta kafin a yi masa wanka.

Mun binne shi kafin azahar. Kabo ya ba da akuyarsa aka yanka wa yaro. Auta ya so a sa masa sunana, amma da liman ya tambaye ni sai na ce Sabiru, sunan Auta na yanka.

Gobe za mu taso da Fadila, ta yi wankan jego a gabanki. Ki sa a tanadi itace, a share ɗakin Auta. Igiyar tana aljihuna, na kasa yar da ita.

Mijinki,
Sama'ila